Gadon Jini da Gadon Tukunya: Darasi a kan Maiƙon Jini da Ciwon Zuciya

Darasinmu na wannan fitowa ya taso ne daga wata magana da muke yawan ji a zaman makoki: "Haka mahaifinsa ya tafi, faɗuwa ɗaya." Ana faɗinta, a yi wa mamaci addu'a, a watse. Da wuya wani ya juya ya dubi ƙannen mamacin da 'ya'yansa da ke zaune a gefe ya ce, to ku fa, an taɓa auna jininku? Alhali idan uba ya tafi da ciwon zuciya yana ɗan shekara hamsin, ɗansa ma ya bi shi a kusan waɗannan shekaru, akwai abin da ke yawo a gidan, kuma sau da yawa ana iya gano shi da ɗan jinin da bai cika cokali ba.

Abin da ke yawo a gida iri biyu ne. Akwai wanda ake haifar mutum da shi, akwai kuma wanda yake tararwa a tukunyar gidan da ɗabi'un mutanen gidan. Duka biyun muna kiransu gado, amma maganinsu ya bambanta, shi ya sa ya kamata a san wanne ne ya fi ƙarfi a kowane gida.

Mene ne maiƙon jini?

Idan aka ba ka takardar tahlilin duhun a asibiti ko mustausaf, za ka ga layuka huɗu. Na farko jimlar kwalastarol. Kwalastarol wani maiƙo ne da jiki ke bukata don gina ƙwayoyinsa da haɗa wasu sinadarai, kuma mafi yawansa hanta ce ke yin sa, abinci ƙari ne kawai. Tunda mai ba ya haɗuwa da ruwa, sai jiki ya ɗora shi a kan wasu 'yan dako su yi ta yawo da shi a cikin jini. Ɗan dakon da ake rubutawa LDL shi ne mai kai kaya daga hanta zuwa sassan jiki, kuma idan ya yi yawa shi ne ke kutsawa cikin bangon jijiya ya zauna. HDL shi ne mai kwaso ragowa ya mayar wa hanta. Layi na huɗu, TG, wani maiƙon ne daban wanda zaƙi, farar shinkafa, ƙiba da ciwon suga ke ɗagawa.

LDL ɗin da ya zauna a bangon jijiya yana taruwa a hankali, shekara da shekaru, ba zafi ba ƙaiƙayi. Ranar da tarin ya fashe, jini ya daskare a wurin ya toshe hanya. Idan jijiyar zuciya ce, shi ne bugun zuciya; idan ta ƙwaƙwalwa ce, shanyewar ɓarin jiki. Lissafin kuwa na yawa ne da daɗewa. Wanda LDL ɗinsa ya hau yana ɗan shekara arba'in da biyar ba ɗaya yake da wanda aka haifa da shi a sama ba, ko da lambar da ke takardarsu iri ɗaya ce a yau.

Ga ma'aunin da ya kamata a riƙe. Wasu ɗakunan gwaji suna rubutawa da miligiram, wasu da milimol. Ana so jimlar kwalastarol ta kasance ƙasa da miligiram 200, wato milimol 5.2, TG kuma ƙasa da 150, wato 1.7. Idan LDL ɗin babban mutum ya kai 190, wato 4.9, likita zai fara zargin gadon jini, bayan ya duba ko matsalar maƙoƙo ko ta ƙoda ce ta jawo.

Gadon tukunya

Da yawa daga cikin kakanninmu a ƙasa suka zo ƙasar nan. Sun taso daga Kano, Sakkwato, Katsina ko Damagaram, suka ratsa Chadi da Sudan, suna noma suna ƙwadago a hanya, wani sai ya shekara biyar ko goma kafin ya tsallaka teku daga Sawakin zuwa Jidda. Abincinsu gero da dawa da wake da ganye, nama sai ranar suna ko salla. Jikokinsu kuwa, mu ke nan, muna saukowa daga bene a lifta mu shiga mota, mu dawo mu zauna a sanyin na'ura saboda zafin Makka ba ya barin mutum ya taka da rana. Jinin bai canza ba a cikin shekara ɗari. Kwanon da ƙafar ne suka canza.

Masana sun auna irin wannan canji a wasu al'ummu. Daga 1965 an bi maza 'yan asalin Japan wajen dubu goma sha biyu a wurare uku: waɗanda ke zaune a Japan, waɗanda suka koma Hawai, da waɗanda suka zauna a Kalifoniya ta Amurka. Asali ɗaya, amma kwalastarol da ciwon zuciya sun fi ƙanƙanta a Japan, sun fi yawa ga waɗanda suka yi ƙaura. Wani bincike da aka wallafa a 1997 ya duba hawan jini a tsakanin baƙar fata: kashi 16 cikin ɗari a Afirka ta Yamma, 26 a tsibiran Karebiyan, 33 a Amurka. Daga 2012 zuwa 2015 kuma an gwada 'yan Gana na karkara da na birni da waɗanda ke Amsterdam, Berlin da Landan, aka ga ƙiba da ciwon suga sun fi yawa ƙwarai ga na birni da na Turai fiye da na karkara. 'Yan'uwanmu da suka zo daga zangunan Kumasi da Akara sun san wannan ko ba a rubuta musu ba.

Mu dubi tukunyarmu a nan. Mun riƙe kayan gida, man shanu da manja da kayan ciki da tsire, wanda har mutanen Hijaz suka karɓa suna kiransa siriya. Sannan muka ɗora na nan a kai: kabsa da mandi mai kitse, soyayyar kaza da dankali da daddare, mutabbaƙ, sambusa da luƙaimat a Ramadan, samna a kan ful da safe, shayi mai madarar gwangwani sau uku ko huɗu a yini, lemon kwalba kusa da kowane faranti. Kowannensu shi kaɗai ba abin tsoro ba ne. Haɗuwarsu kullum a jikin da ba ya motsi ita ce matsalar. A lokacin mausim ma abin ya fi tsanani, domin masu aiki da alhazai kan yi makonni ba barci sosai, abinci kuma sai na leda da aka saya a hanya.

Maiƙon da ke daskarewa idan ya huce, irin kitsen nama, man shanu da samna, shi ya fi ɗaga LDL, manja ma yana cikin wannan sahu. Man gyaɗa, man zaitun da makamantansu sun fi sauƙi. Wake, kuɓewa, sha'ir da alkama da ba a cire dusarta ba suna taimakawa wajen rage shi. Hukumomin Saudiyya sun ɗauki wasu matakai: tun 2017 aka sa haraji mai nauyi a kan taba da lemon kwalba, a 2020 kuma aka hana amfani da man da masana'antu ke daskararwa a cikin kayan abinci. Amma babu dokar da ke shiga kicin, kuma yaro abin da ya ga ana zubawa shi zai zuba a nasa gidan. Haka taba da shisha: yaron da ya tashi yana ganin manyan gida suna sha ya fi saurin farawa, matar gida da ƙanana kuma suna shaƙar hayaƙin ko ba su taɓa kunna ta ba.

Gadon jini

Duk da haka, kada a ɗora wa uwargida laifin komai. Akwai siririn mutum, ba ya shan taba, ba ya son maiƙo, kullum yana takawa zuwa masallaci, a auna shi a ga LDL 250. Wannan daga haihuwa ne.

A Suwidin an yi wani bincike da zai ba mu sha'awa, mu da muka saba da riƙo. An bi mutum 80,214 waɗanda aka ba da su riƙo tun suna ƙanana, aka wallafa sakamakon a 2011. Waɗanda iyayensu na jini suka yi ciwon zuciya sun fi sauran kamuwa, ko da ba su tashi a hannunsu ba. Ciwon zuciyar mariƙa kuwa bai ƙara musu haɗari ba. Saboda haka ɗan riƙo, idan likita ya tambaye shi tarihin gida, na waɗanda suka haife shi ake nufi, kuma haƙƙi ne a kan mariƙi ya sanar da shi abin da ya sani.

Ga yawancin mutane wannan gado ya ƙunshi ƙwayoyin halitta masu yawa, kowace tana ƙara kaɗan ko ta rage kaɗan. Amma akwai wata cuta da ƙwaya ɗaya tak ke jawowa, likitoci suna taƙaita sunanta da FH, mu ce da ita hawan kwalastarol na gado. Wani likita a Norwe, Carl Müller, ya bayyana ta a 1938. A 1964 wani likita a Beirut, Khachadurian, ya nuna yadda take bin zuriya a iyalan Labanan. Daga baya Brown da Goldstein a Amurka suka gano dalilin, aka ba su kyautar Nobel a 1985. Hanta tana da wasu ƙofofi da take janye LDL daga jini da su. Mai wannan cuta kusan rabin ƙofofinsa ne kawai ke aiki, don haka LDL ɗinsa kan ninka na tsaransa tun yana jariri.

An ƙiyasta mutum ɗaya cikin kusan 250 yana ɗauke da ita, kuma mafi yawansu ba su sani ba. Idan ba a yi magani ba, kusan rabin maza masu ita suna samun ciwon zuciya kafin shekara 50, mata kuma kusan kashi 30 cikin ɗari kafin 60. Wani lokaci jiki yana nuna alama: kauri ko ƙullutu a jijiyar agara ko a bayan gaɓoɓin yatsu, ko farin zobe a kewayen baƙin ido ga wanda bai kai 45 ba. Farin zobe a idon tsoho abu ne da aka saba, kada a tayar da hankalin kaka. Yawancin masu cutar ma ba su da wata alama ko kaɗan.

Yanzu mu shiga lissafin gida, domin a nan ne tsarin gidajenmu ke da muhimmanci. Idan ɗaya daga cikin iyaye yana da ita, kowane ɗa ko 'ya yana da rabin yiwuwar gado, mace da namiji daidai. A ce malam yana da mata biyu. Idan shi ne mai cutar, 'ya'yan ɗakuna biyun duka sai an auna su. Idan amarya ce mai ita, ɗakinta kawai ya shafa, tare da 'ya'yan da ta haifa a wani gidan kafin ta zo, da shaƙiƙanta da ke Najeriya ko Nijar. Ɗan'uwan shayarwa ba ya cikin wannan lissafi, nono ba ya ɗauke da ita. Wanda aka tabbatar bai gada ba kuma, ba zai ba 'ya'yansa ba.

Sai maganar auren zumunci, wanda ya yi yawa a wajenmu kamar yadda ya yi yawa a wajen Larabawan ƙasar nan. Auren zumunci ba shi ke ƙirƙirar cutar ba. Abin da yake yi shi ne ya ƙara yiwuwar mata da miji su kasance duka sun gado ƙwayar daga kaka ɗaya. Idan haka ta faru, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya gada daga ɓangare biyu. Irin wannan yaro LDL ɗinsa kan haura 400 ko 500, ƙulluta masu ruwan ɗorawa su fito masa a gwiwa ko gwiwar hannu kafin ya kai shekara goma, zuciyarsa kuma tana iya kamuwa tun bai balaga ba. Abu ne mai wuyar samu, amma duk wanda ya ga irin waɗannan ƙulluta a jikin yaro ya kai shi asibiti, kada a tsaya shafa magani. Gwajin kafin aure da aka wajabta wa 'yan ƙasa tun 2004 an kafa shi ne don sikila da talasimiya, daga baya aka ƙara wasu cututtuka masu yaɗuwa. Kada wanda ya yi shi ya ɗauka an duba masa maiƙon jini. Gidan da aka san da mutuwar wuri, ango da amarya su nemi a ƙara musu wannan.

Abubuwa biyu sun shafe mu musamman a matsayinmu na 'yan asalin Afirka. Akwai wani ɗan dako mai suna Lp(a), wanda kusan gaba ɗaya gado ne, abinci ba ya canza shi sosai, kuma baƙar fata sun fi sauran jama'a yawansa. Ba ya cikin layuka huɗun da muka ambata, sai an roƙa. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta ba da shawara a 2019 cewa kowane baligi ya auna shi sau ɗaya a rayuwa. Na biyu, baƙar fata kan nuna TG ƙasa da HDL mai kyau ko da jiki ya kama hanyar ciwon suga, don haka takardar duhun mai kyau ba ta ɗauke wa mutum auna suga da hawan jini. Akwai gado mai daɗi kuma: a 2006 masu bincike a Amurka sun nuna cewa kusan biyu zuwa uku cikin ɗari na baƙar fatar da suka bi suna da wata ƙwaya mai rage LDL da kashi 28, kuma ciwon zuciya ya ragu a cikinsu da kashi 88 a shekara goma sha biyar. Wannan ganowa tana cikin abin da ya buɗe hanyar ƙera allurar rage kwalastarol da ake ba masu tsananin cutar a yau.

To, me za a yi?

Aikin farko na dattawa ne, domin babu asibitin da ke da bayanin da ke kanku. Baba, Inna, ku zaunar da yara ku faɗa musu wane ne ya rasu, yana da shekara nawa, kuma yaya abin ya faru. A da ba a cewa bugun zuciya. Ana cewa ya yanke jiki ya faɗi a gona, ko ya kwanta lafiya ba a tashi da shi ba, ko ƙirji ya riƙe shi, wani lokaci ma a ce jifa ne. A rubuta yadda aka ji, likita zai tace. Abin da ake nema shi ne uba ko ɗan'uwa da ya kamu kafin shekara 55, ko uwa ko 'yar'uwa kafin 65. Mun san wasu gidajen ba sa son a san cutarsu saboda maganar aure. Amma wannan cuta ce mai magani, ɓoye ta kuwa yaran gidan yake cutarwa.

Na biyu, gwaji. Duk baligi ya auna duhun, wanda ke da irin tarihin can kuma kada ya jira ya kai arba'in. Wasu ɗakunan gwaji suna so a je ba a ci komai ba na awa tara zuwa goma sha biyu, ruwa dai ba laifi. Idan aka samu mutum ɗaya da FH, sai a bi iyayensa, shaƙiƙansa da 'ya'yansa, a aika wa na gida saƙo su ma su je asibiti mafi kusa. Yaran irin wannan gida ana auna su kafin shekara goma.

Na uku, magani. Gyaran abinci yana rage LDL, amma ga mai FH bai isa ba, sai ƙwayar da ake kira sitatin, wani lokaci da ƙarin wata. A ƙasar Holan an bi yara 214 masu FH da aka fara ba su maganin tun suna ƙanana, har shekara ashirin. Zuwa shekara 39, kashi 1 cikin ɗari ne suka samu ciwon zuciya ko na jijiya, alhali a cikin iyayensu masu cutar kashi 26 ne a wannan shekarun. Kuskuren da muke yawan gani shi ne mutum ya sha wata uku, ya ga lamba ta sauko, ya ajiye. Maganin ne ya saukar da ita, ana dainawa za ta koma. Wanda ya ji ciwon tsoka ya koma wa likita a canza masa iri ko a rage, kada ya yanke hukunci shi kaɗai. Mace mai ciki, mai neman ciki ko mai shayarwa ta sanar da likita, domin yawanci ana dakatar da maganin a lokacin. Tafarnuwa, habbatus sauda da zogale a ci su a matsayin abinci, amma kada a ajiye ƙwaya saboda su.

Wanda ya gaji haɗarin da ba FH ba, shi ma kada ya ce ai jini ne, ba yadda zan yi. Wani bincike na 2016 a kan mutum 55,685 ya nuna cewa a cikin waɗanda gadonsu ya fi muni, masu kauce wa taba da ƙiba, masu motsa jiki da gyara abinci, haɗarinsu ya ragu da kashi 46 idan aka kwatanta da takwarorinsu da ba su kula ba. Kuma gyaran ya fi ɗorewa idan gida duka aka yi. Ba a dafa wa maigida dafaffen kifi a gefe yara suna cin soyayye a gabansa. A rage man da ake zubawa a tukunyar kowa, a cire fatar kaza da kitsen da ke bayyane, a mayar da wake da miyar ganye sau da yawa a mako, lemo ya zama na baƙi. Tafiya ta rabin awa bayan asuba ko bayan isha'i, kwana biyar a mako, ta wadatar don farawa.

Idan kuwa wani ya ji nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji da ya wuce 'yan mintuna, musamman in yana sauka hannu, wuya ko muƙamuƙi, da gumi ko ƙarancin numfashi, a kira 997 ko 911 nan take. Kada a tsaya jiƙa wani abu, kada kuma shi ya tuƙa kansa. Mata da masu ciwon suga wani lokaci ba sa jin ciwon ƙirjin, sai kasala mai tsanani, tashin zuciya ko abin da suke ɗauka gyambon ciki ne. Don tambayar da ba ta gaggawa ba, layin Ma'aikatar Lafiya 937 yana aiki dare da rana.